Na'urar da ke Kifa Mutane

Jihar Kebbi ba ta fi shekara biyu da samuwa ba lokacin da na gama shekarar farko a kwalejin fasaha, sashen safiyo, wato awon ƙasa. Ƙa'idar makarantar ita ce kafin a shiga shekara ta biyu, kowane ɗalibi ya je ya yi wata huɗu yana koyon aikin a hannun masu yin sa. Aka raba mana takardun gabatarwa, da wani littafi mai shuɗin bango da za mu riƙa rubuta abin da muka yi kowace rana.

Abokaina duk Kaduna da Legas suke ambato. Ni ma na zauna na rubuta wasiƙu bakwai zuwa manyan kamfanoni, da irin Turancin da ni kaina sai na buɗe ƙamus nake gane abin da na ce. Na dawo gida Jega na zauna jiran amsa. Kullum da hantsi ina gidan waya, har ma'aikacin wurin ya koma girgiza mini kai tun daga nesa don ya hutar da ni ƙarasowa.

Mahaifina, wanda hatsi yake sayarwa a kasuwa, ya zura mini ido har mako uku. Ran nan bayan la'asar ya kira ni.

"Wai aikin ga sai Legas kaɗai aka koyon shi?"

"Baba, ai can manyan na'urori suke."

"To. Akwai wani dattijo da muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Shekara talatin shina awon hanya. Na yi mai magana. Jibi ka tai ka gaishe shi."

Raina bai so ba, amma lokaci ya fara ƙurewa. Na ce tunda abin ya zama haka, bari in nuna wa dattijon cewa ba ƙaramin ɗalibi aka turo masa ba. Kwana biyun nan na haddace shafi goma sha biyu na littafinmu, tun daga ma'anar safiyo har rabe-rabensa. Na je gidan yayata na karɓo kwat ɗin mijinta, malamin firamare, mutum dogo mai dogayen hannuwa. Lakataye kuwa duk unguwarmu aka rasa wanda ya iya ɗaura shi, sai mai kemis ne ya ɗaura a wuyansa, ya sassauta, ya zare ta kai, ya miƙo mini da gargaɗin kada in kuskura in kwance. Na zaunar da yayata a kan turmi ta zama manaja, ina shigowa ina fita ina gabatar da kaina da Turanci. A karo na huɗu ta ce ta ɗauke ni aiki, in zo in fara da tsinke mata zogale.

Na isa gidan dattijon da hantsi, zufa na bin bayana. Na same shi a zaure, gajere, siriri, mai farin gemu, yana ɗinke wani takalmin roba. Kowa Baba Safiyo yake ce masa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa takarda. Bai buɗe ba. Ya ajiye ta a gefe, ya dubi takalmina da na kwana biyu ina gogewa.

"Kana tsoron maciji?"

"A'a, Baba." Ƙarya na yi.

"Kana iya wuni bisa fura?"

"Ina iyawa."

"Tashi ka taka daga nan zuwa bakin ƙofa, ka gaya min taki nawa na."

Na taka, na ce goma sha ɗaya. Ya ce in dawo. Na dawo, na ƙirga tara.

"Ashe zauren nawa ya tsuke," in ji shi. "Ba komi, za ka koya. Gobe bayan asuba ka iske mu nan. Kwat ɗin ga kuma ka mayar ma mai ita, na ga hannuwanta sun fi ka shekaru."

Na miƙe, amma shafi goma sha biyun nan suna cina. Na ce, "Baba, ba za ka tambaye ni ma'anar safiyo ba?"

"Ka san ta?"

"Na sani."

"To riƙe abarka da kyau, kar ta ɓace."

Haka na samu gurbi.

Baba yana yi wa wani ɗan kwangila aiki ne, wanda ya ba shi tsohuwar a-kori-kura da direba. Aikinmu na farko a Aliero yake, wani fili da za a gina rumbunan ajiyar albasa, ana so a san inda ruwa zai bi kada ya kwanta a ƙarƙashinsu. A can na haɗu da mai riƙe sandar awo, mutumin garin, ƙato mai kamar shekara arba'in da biyar, wanda ya shekara goma sha biyu tare da Baba. Mai sanda bakinsa ba ya hutawa, kuma aljihunsa ba ya rabo da albasa. Ciwon kai, albasa. Harbin kunama, albasa. Ranar farko ya dafa kafaɗata ya ce in saki jikina, ko ƙafa na karya a bakin aiki kawunsa mai ɗori ne, kuma ba ya ɓata lokaci.

Aikin kansa ba shi da wuyar faɗa. Akwai na'ura mai kama da guntun bututu da gilashi a ciki, muna ce mata lebul. Ana kafa ta a kan ƙafafu uku. Mai sanda ya tsaya can nesa da doguwar sanda mai lambobi, a leƙa a karanta lambar, ya matsa gaba a sake karantawa. Bambancin lambobin shi ke nuna ko ƙasa ta hau ko ta gangara. A makaranta muna da lebul guda ɗaya, tana cikin kabad a kulle. A allo kawai muka san ta.

Da Baba ya buɗe akwati ya ciro tasa, na miƙa hannu biyu zan karɓa. Sai ya miƙo mini laima. Na ji daɗi, na ce dattijon akwai tausayi, na buɗe na rufa wa kaina.

"Ba kai ba," in ji shi.

Na yi sauri na mayar kansa.

"Ba ni ba. Ita."

Ashe in rana ta doki na'urar, awon yakan karkace. Mako biyu cur ina tsaye ina yi wa ƙarfe inuwa, ni da Baba muna gasuwa a gefe. In hadari ya taso, nan ma ita ce a ƙarƙashin laima, mu muna jiƙewa. Takalmina na gogewa kwana uku ya yi a laka, ya buɗe baki. Na koma na roba irin na kowa.

Babbar wahalata ita ce littafin nan mai shuɗin bango. Ba zai yiwu in rubuta wa malamanmu cewa na riƙe laima ba, har sau goma sha huɗu. Ranar farko na rubuta da Turanci cewa na kare na'ura daga illar zafin rana. Ta biyu, na sa ido a kan yanayin da ke kewaye da na'ura. Ta biyar, na jagoranci sashen kula da lafiyar kayan aiki. Ƙarshen mako Baba ya karɓa don ya sa hannu, ya ɗora tabarau ya karanta a tsanake, sannan ya dubi mai sanda.

"Ashe babban jami'i muka tare da shi ba mu sani ba. Gobe ka gaishe shi da kyau."

Mai sanda ya wuni yana ce mini ranka shi daɗe.

A mako na uku Baba ya ja da baya ya ce, "Zo ka leƙa." Na ba shi laima, na kafa ido. Ga mai sanda can, amma ƙafafunsa a sama, kansa a ƙasa, yana rataye kamar jemage, yana tauna albasa. Na ɗauka na taɓa wani abu na lalata. Na ɗago a hankali, na kama na'urar da hannu biyu zan juya ta kafin Baba ya lura.

"Mi za ka yi?"

"Baba, kamar a kife aka ɗaura ta."

Mai sanda ya ji daga can, ya yi dariya har sandar ta faɗi. Baba bai yi dariya ba. Ya ce tsofaffin na'urori haka gilashinsu yake, komai a kife suke nunawa, kuma shi ya saba har in ya ga lamba a miƙe sai ya ɗan tsaya tunani. Ya ce in koyi karatu a kife, in ba haka ba in koma wa laimata.

Na ɗauki abin da gaske. Kowace yamma in na dawo sai in zauna a tsakar gida in juya tsohuwar jarida ina karantawa. Kwana biyu innata tana wucewa tana kallona. Rana ta uku na ji ta a bakin ɗakin mahaifina tana magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, hito ka gani. Yaron ga kahin shi tai makarantar ga daidai shika karatu."

Washegari da safe na tarar da kofin rubutu kusa da kokona. Na shanye, don bayanin ya fi shan wuya.

Bayan wata ɗaya muka gama da Aliero, aka ba mu babban aiki: awon hanyar burji da za ta tashi daga kusa da Maiyama ta shiga ƙauyuka, don motocin hatsi su daina maƙalewa da damina. Lokacin gero ya kai kafaɗa, ko'ina kore shar. Muna tafe muna awo muna kafa fegi, wato 'yan turakun itace na alama, har muka wuce Liba muka isa wani ƙauye da hanyar za ta bi ta gefen rijiyarsa. Mutanen suka karɓe mu hannu biyu. Kullum da azahar wata Bafulatana daga rugar da ke kusa takan kawo mana fura da nono, matan gari kuma su aiko da ɗanwake ko dafaffiyar masara. Zuwa lokacin ni nake yawancin karatun lamba, Baba yana tsaye yana dubawa, kuma kaina ya fara girma.

Wata Laraba Baba ya tafi alwala, ya bar ni da na'ura. Sai ga wanzamin garin, mutum mai son jin ƙwaƙwaf, wanda tun zuwanmu yake kewaya mu.

"Ɗan makaranta, wai mi kuka gani cikin abin ga?"

Baba ya sha gaya mini kada in bar kowa ya taɓa. Amma ai leƙawa ba taɓawa ba ce. Na gyara tsayuwa na ce ya zo ya ga ilimi. Ya rufe ido ɗaya ya kafa ɗayan, daidai lokacin da mai furarmu ta ɓullo daga cikin gero da ƙwarya a ka.

Wanzami ya yi salati ya ja da baya. Ya dubi matar. Ya sake leƙawa. Ya sake salati.

"Ta kife! Wallahi ta kife, kuma nonon bai zube ba!"

Na yi dariya na ce haka na'urar take. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, don ina jin daɗin yadda yake kallona. Ya tafi da sauri, ko sallama babu.

Washegari muka je ɗaukar Baba muka tarar idanunsa sun yi ja sun kumbura, ciwon nan da ake kira afolo ya kama shi. Ya miƙo mini littafin awo ta bayan ƙofa.

"Ka ci gaba daga fegin jiya har bakin fadama, ka auno ka dawo inda ka fara. In lissafi bai haɗu ba, kar ka zo min da labari."

A mota ina zaune a gaba, wurin Baba, gwiwar hannu a taga. Ban taɓa jin daɗin hanyar Maiyama kamar ranar ba.

Muna isa na ga abin da ban gane ba. Fegi shida da muka kafa jiya an tumɓuke su an jera a gindin wata bishiyar bedi. Hanyar rijiya, wadda kullum take cike da mata, babu kowa. Can nesa na hango su a jere da tuluna, sun yi wani dogon zagaye ta bayan gonaki, kowace ta riƙe zanenta da hannu ɗaya. Azahar ta yi, babu fura, babu ɗanwake. Mai sanda ya ciro albasa ya raba biyu ya miƙo mini rabi. Muna cikin haka wani dattijo ya zo ya ce hakimi yana kiranmu, kuma mu taho da abin.

Na saɓa na'ura a kafaɗa muka tafi. A ƙofar gidan hakimi maza sun cika, babu mai fara'a. Wanzami yana zaune a gaba. Na zube na yi gaisuwa.

"Ina babbanku?" in ji hakimi.

"Ranka shi daɗe, ba shi da lafiya. Ni ne a madadinsa."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, da alama madadin bai gamsar da shi ba.

"Samari, mun karɓe ku don an ce hanya za ku kawo muna. Yanzu an ce abin ga naku shina kifa mata, ƙafa sama kai ƙasa. To in mace ta kife, zanenta ina shika zuwa? Kuma wa ka kallo?"

Sai a lokacin na gane girman abin da na jawo. Wani daga baya ya ce matarsa tun jiya take jin jiri, kuma ta bi ta gabanmu sau biyu. Wani ya ce tasa ta ƙi zuwa rijiya sam, shi ya ɗebo ruwa da kansa yau, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi aure.

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne darasin gilashi da muka yi a aji. Na yi maganar haske da yadda yake karyewa, rabi Hausa rabi Turanci, ina zana layuka a ƙasa da tsinke. Da na ɗago, fuskokin sun fi da ɗaurewa. Wani ya ce, "Kun ji ko, har karyewa aka yi."

Mai sanda ya ga ina nutsewa ya ce bari ya taimaka.

"Ranka shi daɗe, ku kwantar da hankalinku. Ni nan shekara goma sha biyu kullum ana kifa ni. Ga ni garau. Jiri dai ɗan kaɗan na, shi ma in na ci albasa sai shi wuce."

Wurin ya kaure da hayaniya. Na ji kamar in kwashe ƙafafu ukun nan in ruga har Jega. Na tuna Baba da jajayen idanunsa, na tuna cewa rana ta farko ke nan da aka bar mini aiki. Ina share zufa, idona ya faɗa kan wani mai shayi a gefen dandali yana juya kofi. Wani abu da malamin kimiyya ya taɓa nuna mana a sakandare ya faɗo mini.

"Ranka shi daɗe, a taimake ni da cokalin ƙarfe."

Aka karɓo na mai shayi. Na goge shi da bakin rigata har ya yi ƙyalli, na miƙa wa hakimi da hannu biyu, na ce ya dubi fuskarsa a cikin kwarmin. Ya duba. Ya nisantar da cokalin, ya kusanto da shi. Sai ya kai hannu ya taɓa rawaninsa.

"Ga ni a kife," in ji shi a hankali.

"Rawanin ya faɗi, ranka shi daɗe?"

"Shina nan."

"Ka ji jiri?"

Sai ya miƙa wa liman cokalin. Liman ya duba ya yi murmushi ya miƙa gaba. Cokali ya yi ta yawo hannu zuwa hannu. Na ce abin da ke cikin na'urar ke nan, hoto ne kawai yake juyawa, mutum yana nan yadda Allah ya tsayar da shi, da tufafinsa. Na ga wasu sun fara sakin fuska, amma mai matar da ke jin jiri ya ce cokali daban, abin Turawa daban.

Sai aka ji murya daga cikin zaure. "Ku kauce in gani da idona."

Wata tsohuwa ce ta fito tana dogara sanda, yayar hakimi, kuma ungozomar garin. Rabin mazan da ke wurin ita ta yanke musu cibiya, don haka hanya ta buɗe nan take. Ta ce in kafa abin. Na kafa, na rage tsawon ƙafafun daidai ita. Ta nuna wanzami da sanda.

"Kai da ka kawo maganar, tai can ka tsaya."

Wanzami ya ce shi ai ya riga ya gani. Ta ce ba gani aka ce ya yi ba. Ya tafi yana waige, ya tsaya, ya matse babbar rigarsa tsakanin gwiwoyi, hannu ɗaya a kan hula.

Tsohuwa ta kafa ido. Ta daɗe. Sai kafaɗunta suka fara rawa.

"Saki rigar!" ta ɗaga murya. Ya saki. "Ɗaga ƙafa guda!" Ya ɗaga. "Yi tsalle!"

Wanzami ya yi tsalle a gaban duk garin. Tsohuwa ta yi dariya har sai da na riƙe ta kada ta ture na'urar. Da ta samu numfashi ta share hawaye ta juya wajen maza.

"Ba a ganin komi sai wautarshi. Riga tana inda take. Ku tai ku mayar ma yaran ga itacensu inda kunka cire." Sannan ta dubi hakimi. "Kai ma tai ka tsaya. Tun kana ɗan ƙarami nika son in gan ka haka."

Hakimi ya ce shi yana da baƙi a ciki.

Ranar ko taki ɗaya ba mu auna ba. Labari ya shiga gidaje, mata suka fito suka yi layi, kowace da buƙata ɗaya: a tsayar mata da mijinta. Har la'asar ina rage ƙafafun na'ura ina ƙarawa, maza suna tsaye a rana ɗaya bayan ɗaya suna murmushin dole. Mai furarmu ta zo daga baya, ta ce ita ba ta da wanda za ta kifa a nan, a juya abin wajen shanunsu. Ta leƙa ta ga bijimi yana kiwo a sama, ta kama baki ta yi wata magana da Fulatanci, sannan ta ajiye mana fura ƙwarya guda.

Sauran kwanakin aiki ne tsantsa. Na daidaita fegi shidan da mutanen garin suka mayar, na auna har bakin fadama, na juyo na auno zuwa wani dutse da muka ɗauka a matsayin mafarin awo. Ƙa'ida ita ce lambar da ka tashi da ita, ita za ka tarar in ka dawo. Na zauna a inuwa na haɗa lissafi, sai na ga dutsen ya ƙara tsawo da kusan kamu guda tun fitarmu. Na sake haɗawa, haka. Mai sanda ya leƙo ya ce wataƙila damina ce, komai yana girma.

Na so in ɗan gyara lamba ɗaya, wa zai sani? Na riƙe fensir na daɗe. Amma na san a kan wannan lissafin za a zauna a yanke inda za a sa kwalbati, kuma mutanen da suka ba ni cokali su ne ruwa zai shiga wa gida. Na ce wa mai sanda gobe za mu sake daga farko. Ya yi ƙorafi tun daga nan har Jega, washegari kuma ya riga ni shiga mota. A tsayawa ta goma sha ɗaya na gano ɓarnar: wani tara ne da na gani a kife na karanta shida. Da muka dawo kan dutsen karo na biyu, lissafi ya haɗu, saura ɗan abin da bai kai kaurin ƙwayar gero ba. Na yi ihu a tsakiyar gona har wani manomi ya taho da fartanya yana tambaya ina macijin.

Ranar Litinin Baba ya dawo da baƙin tabarau. Ya karɓi littafin awo ya bi shi layi-layi, ya ga shafukan da na soke da waɗanda na sake. Ya tambayi dalili na gaya masa. Labarin wanzami kuwa mai sanda ya riga ya kai masa har gida, da ƙari.

"Na ce ka bar wani shi leƙa?"

"A'a, Baba."

"To." Ya juya shafi. "Cokalin fa, a makaranta anka koya maka?"

"A sakandare."

"Ashe dai suna koyar da wani abu." Ya rufe littafin ya miƙo mini. "Kafa ta. Yau ni ka riƙon laima."

Daga ranar har muka kai ƙarshen hanyar ni nake awo, shi yana zaune a kan akwati yana gyara mini in na yi gaggawa. Na koyi gane ƙasa mai riƙe ruwa daga irin ciyawar da ke kanta, na koyi fara gaida mai gona kafin in taka masa kuyya, wato kunyar shuka, na kuma ga maciji sau uku, duk ukun na riga mai sanda isa mota. Da wata huɗu suka cika, Baba ya cike takardar makaranta ya ba ni maki mafi girma da ke ciki. A wurin da aka bar wa bayani ya rubuta layi ɗaya, cewa in na yi kuskure ina komawa in nemo shi. Ya ce in na gama karatu ban samu Legas ba, in zo.

Ranar da muka kwashe kaya, tsohuwar ta aiko mini da zabbi biyu a ɗaure, hakimi ya ba Baba buhun sabon gero. Na rungume zabbin a bayan mota tun daga can har Jega. Muna tsayawa a bakin tasha, ina ƙoƙarin sauka, igiyar ta kwance. Ɗaya ta tashi ta sauka a kan rumfar mai tsire, ɗaya ta shige ƙarƙashin wata motar Yawuri da ke lodi. Ni da mai sanda da 'yan kamasho biyu muka yi ta zagaye muna rarrafe, fasinjoji suna ba mu shawara ta taga. Ta ƙarƙashin motar muka kama da ƙyar, bayan ta yage mini hannun riga. Ta kan rumfar kuwa ta dube mu, ta sake tashi ta nufi wajen gulbi, ba a sake ganinta ba.

Na shiga gida da zabuwa ɗaya, gashinta duk a kaina. Innata ta karɓa ta jinjina ta a hannu, ta ce ba laifi tana da nama, ta tambaya ko mutanen can guda ɗaya suke ba baƙo. Na ce eh, al'adarsu ke nan.